Hanyar da Ta Taɓa Gonar Kowa

Bai Kiryak (a wurinmu "Bai" kiran girmamawa ne ga dattijo) ba ya shiga gaba in ana hawan dutse. Ko mutum biyu ne, ko ayarin masu ɗauko ciyawa, sai ya ja baya ya bar kowa ya wuce, sannan ya biyo a hankali, hannuwansa a goye. Waɗanda ba su san shi ba sukan ɗauka gajiya ce. Kallo yake yi. Yana duba inda tsohuwa za ta tsaya ta dafa gwiwa, da inda alfadari zai ƙi miƙewa ya karkata gefe, da inda hira take yankewa don numfashi ya yi wa mutane kaɗan. In an isa sama ba ya cewa komai, amma ya riƙe wuraren nan duka a kansa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin hanyoyin gandun daji a duwatsun Rodopi. Ba shi da takardar injiniya. Aikinsa shi ne ya riga katafila shiga daji da gatari da damin fegi, ya kafa mata inda za ta bi. Direbobin motocin katako sukan ce suna gane hanyar da Kiryak ya shata ko ba a faɗa musu ba, domin ba ta sa mutum ya riƙa taka birki yana addu'a. Da ya yi ritaya sai ya dawo Yavrina, ƙauyenmu, yana noma dankali da wake kamar kowa.

Yana da yaya mace, Kerana, wadda ta girme shi da shekara bakwai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune ita kaɗai a Unguwar Sama, inda gidaje tara ne amma biyar kawai ke fitar da hayaƙi. Mota ba ta taɓa zuwa can ba. Hanyar alfadarai ce, tafiyar awa guda ga mai lafiyar ƙafa. Wani hunturu Kerana ta zame a bakin rumfar itacenta ta karye a ƙugu, tsofaffi huɗu suka ɗora ta a kan ƙyauren ɗaki suka sauko da ita cikin dusar ƙanƙara. Awa uku suka yi. Kiryak na cikinsu.

Ta warke, ta koma. Amma 'yarta Siyka, wadda ke aiki a birnin Plovdiv, ta zo ta zaunar da su biyun.

"Kawu, ni ba faɗa na zo yi ba," in ji ta. "Hunturun bana na haƙura, tunda maƙwabciya ta ce za ta riƙa leƙa ta. Amma na baɗi, in mota ba ta isa ƙofar gidan nan ba, zan tafi da Mama."

"Ki tafi da ni ina?" in ji Kerana. "Bene hawa na takwas? In riƙa gaisawa da tantabaru?"

"Gara tantabaru da ƙyauren ɗaki."

Kiryak ya taɓa kai wa Siyka ziyara, ya ga tsofaffin da aka kwaso daga duwatsu suna zaune a bakin taga da rigunansu na fita, ba inda za su. Ya san yayarsa. Bai ga za ta kai shekara guda a raye a can ba.

Da kakar wannan shekarar labari ya zo cewa hukuma ta yarda za ta yi wa Unguwar Sama hanya, katafila ɗaya, rani ɗaya. Mutane suka yi murna. Kiryak ya sare fegi goma sha biyu, ya hau makiyayar gari, ya ja igiya, ya kafa su a jere ɗaya miƙe, ya dawo gida bai gaya wa kowa ba.

A wurinmu ba a raba gado a kwance. A tsaye ake raba shi, daga gindin dutse zuwa kansa, don kowane magaji ya sami rabonsa na ƙasa mai laima da ke kwari da kuma busasshiyar da ke tudu. Uba ya raba wa 'ya'ya, 'ya'ya su raba wa nasu, har gonakin ciyawar da ke tsakanin Yavrina da Unguwar Sama suka zama siraran ziri, wata faɗinta bai wuce taku goma ba. Shekara arba'in suna hannun gonar haɗin gwiwa ta gwamnati. Da aka rushe ta aka mayar wa kowa ƙasar kakansa, sai mutane suka riƙe zirin nan da haƙora. Akwai wanda bai yanki ciyawarsa ba shekara biyar, amma ka taka masa iyaka ka ji.

Hanya kuwa a kwance take tafiya, tana bin cikin dutse. Duk inda ta bi ta gonaki sai ta yanka su.

Da ƙanƙara ta narke aka turo injiniya, Vesela, mace mai shekaru talatin da wani abu, mai saurin magana, sanye da takalman hawan dutse. Ranar Lahadi bayan coci ta shimfiɗa taswira a ɗakin taron gari, ta nuna hanya biyu. Ɗaya ta gonaki, sai masu gonakin sun sa hannu. Ɗaya ta makiyayar gari, ta fi gajarta, kuma ba ta kowa ba ce. Ba a ma gama jin ta ba aka ce makiyaya.

Kiryak ya ɗaga hannu daga bencin baya.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji shi. "Kakanninmu da suka yi shari'a shekara uku a kan itacen tuffa guda, me ya sa suka bar wancan gangaren ga kowa da kowa?"

Stoil, wanda suka yi makaranta tare kuma ba su taɓa daina tsokanar juna ba, ya juyo.

"Don sun fi ka kirki mana! Kai Kiryak, ka yi ritaya amma bakinka bai yi ba. Hanyar yayarka ce fa ake magana. Ko ka fi son ɗaukar ƙyaure?"

Aka yi dariya, aka tashi. Katafila za ta zo farkon watan Yuni.

Gaskiyar magana, har ranar Kiryak bai je ya duba fegin da ya kafa ba. Ƙanƙara ta yi mako uku da barin makiyayar. Kullum sai ya ce gobe. Washegarin taron ya ɗauki igiyarsa ya hau.

Gangare ne mai kyau, kore shar, ba dutse ko ɗaya a fili. 'Yan itatuwan da ke kansa duk sun lanƙwashe a gindi kamar gwiwar mai tsugune, sannan suka miƙe sama. Ya ɗaura igiya a fegi na farko, ya ja ta zuwa na ƙarshe, ya tsuguna ya daidaita ido. Na bakin nan da na bakin can suna inda ya bar su. Biyar na tsakiya sun sauka ƙasa da igiyar, mafi nisa da faɗin tafin hannu. A hunturu ɗaya, ba tare da kowa ya yanki gangaren ko ya ɗora masa nauyi ba.

Ya daɗe a tsugune. Sai ya kama fegin tsakiya ya girgiza shi ya zare. Ya tsaya riƙe da shi yana duban Unguwar Sama, inda hayaƙin gidan Kerana ke tashi. Shi kaɗai ne a duniya ya san da fegin nan. Daga bisani ya mayar da shi cikin raminsa, ya danna ƙasa da diddige, ya ci gaba da hawa.

Ya tarar da ita a bakin ƙofa tana tsintar waken shuka.

"Ka zo da fuskar jana'iza," in ji ta. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To zauna ka taya ni, hannunka ba ciwo yake ba."

Suka yi ta tsinta. Can ya gaya mata cewa gangaren makiyayar na zamewa, a taƙaice, kamar mai ba da labarin gonar wani.

"In na yi shiru, mota za ta tsaya a nan kafin a tone dankali."

"In ka yi magana fa?"

"Ban sani ba. Kin san mutanenmu da gonakinsu."

"Ita hanyar, shekara nawa za ta yi kafin ta tafi?"

"Wataƙila ashirin. Wataƙila biyu. Wataƙila ta fi mu daɗewa."

Kerana ta watsa wa kaji ɓarzajjen waken da ta ware.

"Siyka gudu take yi da mota," in ji ta. "Ka san ta. Ga yaran a baya." Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango. "Akwai sauran wainar dankali, in ɗumama maka?"

Ba su ƙara tayar da zancen ba.

Da safe ya kai Vesela makiyayar. Ya yi zaton za ta yi musu, amma ta tsuguna a inda ya tsuguna, ta duba igiyar, ta je ta shafa gindin itatuwan, ta tona ƙasa da wuƙa ta murza ta a yatsu.

"Bai Kiryak, me ya hana ka faɗa a taro?"

"Ban duba ba tukuna, 'yata."

Ta dube shi. Ta kawo na'urorinta ta yi kwana huɗu tana awo, sannan ta rubuta cewa ba za ta sa hannu a kan hanyar makiyaya ba.

Mako guda ba wanda ya gaida Kiryak a kantin gari.

Vesela ta koma kan taswira, ta yi aikin da ko shi ya yaba. Gonaki ashirin da uku ne a tsakani. Ta matse hanyar, ta sa mata kwana uku, lanƙwasa masu tsauri, har ta zamana gona tara kawai za ta taɓa. A ganinta, shawo kan mutum tara ya fi shawo kan ashirin da uku sauƙi. Duka taran suka ƙi. Stoil na cikinsu.

"Me ya sa tawa?" in ji shi. "Ta maƙwabcina fa, zinariya aka shimfiɗa mata? Ya bi ta cikin gonata da motarsa yana ɗaga min hannu, tasa ciyawar na nan ba a taɓa ba? Injiniya, ki gaida mutanen birni."

Yuni ya zo, katafila ta wuce wani ƙauye. Aka ce in an daidaita za ta dawo a watan Satumba, in ba a daidaita ba shi ke nan.

Kiryak ya sami Vesela a kantin tana shan kofi, ta tura taswirar gefe kamar ba ta son ganin ta. Ya jawo ta gabansa, ya ɗora yatsa a gindin gonakin, ya ja shi a hankali yana hawa daga wannan baki har wancan.

"Ki bi da ita ta cikin dukansu."

"Tara sun ƙi, kai kana so ka ƙara min goma sha huɗu?"

"Sun ƙi ne don su tara ne."

"Ban gane ba."

"Tun kakanninmu, in za a raba abu, kowa sai ya sami mai kyau da marar kyau. In asara ce ma haka. Ki ci taku huɗu a gonar kowa, kada ta wani ta fi ta wani ko da tafin hannu."

Ta ɗauki fensir ta gwada. Hanyar ta ƙara tsawon mita ɗari bakwai, amma kwana uku sun koma ɗaya, hawan kuma ya kwanta yadda ko motar asibiti za ta iya shi a kan ƙanƙara.

"Wannan ta fi tawa kyau," in ji ta, kamar mai jin haushi.

"Taki ta fi wayo. Wannan ta fi sanin mutanen Yavrina."

Ya yanke sanda mai tsawon taku huɗu, ya shiga bin gidaje. Bai roƙi kowa ba, bai ambaci yayarsa ba. Sai ya kai mai gona gonarsa, ya kwantar da sandar a ƙasa, ya ce ga abin da za a ci, haka za a ci na wane da wane. Kowa tambayarsa ɗaya ce, su wa suka sa hannu. Wasu sai da suka bi shi gonar maƙwabci suka ga an kwantar da sandar nan dai, ba wata ba. Masu gonaki huɗu suna ƙasashen waje, sai da aka yi ta neman su a waya. Yuli ya wuce, Agusta ya raba.

Stoil ne na ƙarshe. Ya karɓi alƙalami, ya juya shi, ya ajiye.

"Tsaya tukuna, malam mai sanda. Na ƙirga gona ashirin da uku. Taka fa? Tana can ƙarshe a bayan layi, ta ashirin da huɗu, tana shan iska."

"A cikinta kwanar za ta zauna."

Stoil ya san abin da kwana take ci. Ba taku huɗu ba ne, kusan rabin gonar ne, kuma daidai inda mahaifin Kiryak ya dasa itatuwan tuffa bakwai. Ya dubi Vesela. Ita ma sai a lokacin ta ji.

"Bai Kiryak, kwanar za ta iya zama kafin a kai gonarka," in ji ta a hankali.

"Za ta iya," in ji shi.

Stoil ya sa hannu. Ranar da za a sare itatuwan, shi ya fara zuwa da zartonsa. Ya tsinki tuffa ɗaya ya gatsa ya yamutsa fuska.

"Dama tsami gare su. Tun muna yara nake satar su, ban taɓa jin daɗin ko ɗaya ba."

"Shi ya sa ka yi shekara sittin kana dawowa," in ji Kiryak.

Katafila ta zo tsakiyar Satumba. Kiryak na gabanta kullum da damin fegi, yana da shekara saba'in da biyu. Direban ya so a yi sauri a bar magudanun ruwa sai baɗi, Kiryak ya zauna a kan dutse a gabansa har aka haƙa su. Wannan ma ya ci kwanaki, kuma ya san kwanakin wa yake ci. Ran tara ga Nuwamba dusar ƙanƙara ta sauko ba ta ɗaga ba. Hanyar ta tsaya a bakin rafin da ke ƙasa da Unguwar Sama, saura mita ɗari huɗu.

Siyka ta zo ƙarshen makon. Ta hau da motarta har bakin rafi, ta taka sauran.

"Na ce ƙofar gida, Kawu."

"Haka kika ce."

"Kada ka dube ni haka. Hunturun nan kawai. In an ƙarasa sai in dawo da ita."

Kerana ba ta yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ta riga ta raba kajinta. Kiryak ya ɗauki ƙunshin kayanta ya sauko da su har mota. Ya shiga baya ya raka su zuwa Yavrina. Ita ce mutum ta farko daga Unguwar Sama da ta bi hanyar a mota, kuma sauka ta yi. Da suka zo kwanar da ke gonarsa ta dubi kututturan nan bakwai da suka leƙo daga ƙanƙara. Sai da za su rabu ta miƙa masa makullin gidanta ta taga.

"Hanyar ba ta jijjiga mutum," in ji ta. "Ka iya aiki, ƙanena."

Ƙarshen Fabrairu Kiryak ya faɗi a tsakar gidansa yana faskare, da hantsi. Kafin maƙwabta su ɗaga shi ya cika.

Siyka ta kawo uwarta jana'iza. Bayan an ci abincin sadaka Kerana ta karɓi makullinta a hannun matar Kiryak, ta ce a kai ta ta ga gidan kawai. A bakin rafi ta fita, ta haye gungumen da ake takawa, ta kama hawa da sandarta, Siyka na biye. Da suka isa ta hura wuta ta zauna.

"Mama, rana na yi."

"Ki sauka lafiya. Ki rage gudu."

Siyka ta gaya mana daga baya cewa ta duba agogo da za ta sauko ita kaɗai. Minti goma sha biyu daga ƙofar zuwa mota. Ta zauna a cikin motar ta yi kukanta, sannan ta tafi Plovdiv ta aiko da kayan. Kerana ta ƙara shekara biyar a gidanta, a kan gadonta ta rasu.

Makiyayar gari kuwa har yau ba ta zafta ba. Stoil, kafin shi ma ya tafi, yakan nuna ta ya ce ga dutsen da Kiryak ya ce zai gudu, yana nan yana jiran sa. Ma'aikatan lantarki dai sun zo sau biyu sun miƙar da turken wayar da ke tsakiyarta.

A watan Mayun shekarar da Kiryak ya rasu Vesela ta dawo da taswirarta, tana so ta ƙarasa zanen ko da katafila za ta samu. Abin da ya rage shi ne inda hanya za ta haye rafin, a sa kwalbati. Ta tuna ta tambaye shi tun kaka, ya ce ba zai yanke ba sai ya ga ruwan narkewar ƙanƙara da idonsa, ya ga inda yake cin gaɓa. Ta tambayi matarsa, ta tambayi Kerana, ta tambayi direban katafila. Bai gaya wa kowa inda ransa ya fi kwantawa ba. A bakin rafin ta sami fegi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, taku talatin tsakaninsu. Kiryak yakan shafa wa fegi jan fenti a ka in ya gama shawara a kansa. Waɗannan biyun ba wanda ya shafa wa.